Shin mai sayar da mota yana da hurumin neman lambar shaidar mai saye?

Alhaji Garba: Matsayina shi ne duk wanda ya biya kuɗin mota lakadan bai kamata a nemi lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa ba. Ciniki yana buƙatar sunan mai saye da kuɗinsa da lambar jikin motar, wadda ke da haruffa da alƙaluma 17, kuma ita ce take bambanta motar da kowace mota. Katin banki idan ya ɓata ana soke shi a ba da wani, amma lambar shaida tana tare da mutum tsawon rayuwarsa, kuma wanda ya same ta tare da suna da ranar haihuwa yana iya cin bashi da sunan mai ita.

Malama Hadiza: Alhaji, da girmamawa, biyan lakadan ɗin da ka kafa hujja da shi ne yake jawo tambayar a wasu ƙasashe. A Amurka, ɗan kasuwar da ya karɓi tsabar kuɗi fiye da dala 10,000 wajibi ne ya cika fom mai lamba 8300 ya aika wa hukuma, kuma fom ɗin yana neman lambar harajin mai biya, wadda ga yawancin mutane a can ita ce lambar shaidarsu, domin a toshe hanyar halatta kuɗin haram. Wanda zai sayi mota bashi kuwa, yawanci da lambar ake duba tarihin basussukansa. Dillali ba don son ransa yake tambaya a nan ba.

Malam Isa: Malama, na yarda da batun doka, amma abin da ya fi damuna shi ne inda lambar take kwana bayan an karɓe ta. Kowa ya san yadda ake yi: a ɗauki katin mutum a yi fotokwafinsa, a bar takardar a kan tebur tsakanin makullai da rasitai, ko kuma ma'aikaci ya ɗauki hoton katin da wayarsa ta kansa, ya bar aikin bayan wata shida hoton yana nan cikin wayar. Ko wanda aka shigar a kwamfuta ma ba a wurin dillalin yake zama ba. A watan Yunin 2024 masu kutse sun kai wa kamfanin CDK Global hari, manhajar da dillalai kimanin 15,000 suke aiki da ita a Amurka da Kanada ta tsaya, da yawa suka koma rubuta ciniki da biro. Mai saye bai taɓa jin sunan wannan kamfani ba, alhali bayanansa ta can suke bi. Kamfanin Equifax kuwa, wanda aikinsa ke nan tattara tarihin bashi, an kwashe masa bayanan mutane kimanin miliyan 147 a 2017.

Malama Hadiza: To shi mai sayarwa fa, wa zai kare shi? Idan ɗan damfara ya zo da sunan wani ya tafi da mota bashi, rashin binciken ne zai cutar da mai sunan.

Alhaji Garba: Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma tantancewa daban, ajiyewa daban. Dillali yana iya duba katin, ya gwada hoton da fuskar mai shi, ya mayar masa. Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, ta gindaya cewa kada a karɓi bayanan da suka wuce buƙatar aikin, kada kuma a riƙe su bayan buƙatar ta wuce. A shekarar ce kotun ƙolin Indiya ta soke sashen dokar da ya ba kamfanoni masu zaman kansu damar neman lambar Aadhaar, wato lambar shaidar mazauna ƙasar. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a nemi lambata tun ina kallon mota, kafin a yi maganar farashi, ko don zan ɗana ta, alhali lasisin tuƙi ya wadatar.

Malam Isa: Ni dai ba zan rubuta ta a fom ba sai an nuna mini dokar da ta wajabta, an kuma faɗa mini a rubuce wanda zai gan ta da ranar da za a goge ta. Malama, kina ganin wannan ya yi tsauri?

Malama Hadiza: Bai yi ba, Malam, muddin ka amince cewa idan an nuna maka dokar za ka bayar.