Wai 'yan gudun hijirar zamanin Hitler ne suka gina biranen Amurka?

Akitek: Jama'a ni dai ina nan kan bakana, duk dogayen benayen nan na gilashi da ƙarfe da kuke gani a hotunan New York da Shikago, Jamus ce ta zubar Amurka ta tsinta. Makarantar zane da gine-gine ta Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a Weimar a 1919, 'yan Nazi suka sa ta a gaba har aka rufe ta a Balin a 1933, malamanta suka watse. Gropius ya kama koyarwa a Harvard a 1937, Mies van der Rohe ya sauka Shikago a 1938, shi ne ma ya zana ginin Seagram da aka gama a New York a 1958. A cire mutanen nan a gani me zai rage.

Malamin Tarihi: Akitek ka zafafa da yawa. Shikago ta fara ɗaga dogon bene a kan ƙarfe tun 1885, lokacin ko haihuwar Mies ba a yi ba. Manyan akitek Louis Sullivan da Frank Lloyd Wright 'yan ƙasa ne, kuma zanen Wright an buga shi a Balin tun 1910, matasan akitek na Jamus suka gani suka ɗauki darasi. Kuɗin da ƙarfen da lifta duk na Amurka ne, baƙin salo suka kawo da hanyar koyarwa, wannan ban musa ba.

Akitek: Toh Malam ai koyarwar ce komai, wanda ya riƙe aji shi ya riƙe garin nan da shekara ashirin.

Anti Mai Saƙa: Ni ba nan ma matsalata take ba. Dan Allah ku daina kiran Mies ɗan gudun hijira haka kai tsaye, mutumin nan ya zauna a Jamus shekara biyar ƙarƙashin Hitler yana neman kwangila, a 1934 har hannu ya sa a takardar masu fasaha ta goyon bayan Hitler, sai da ya ga aiki ya ƙi zuwa sannan ya haɗa kayansa, kuma kujera na jiransa a can. Ku kwatanta shi da Anni Albers wadda jinin Yahudawa ce, ita da mijinta Josef sun fita tun 1933 suka tafi wata 'yar ƙaramar kwaleji a Amurka, Black Mountain, tana koyar da saƙa, har a 1949 gidan adana zane na MoMA ya ware mata baje koli ita kaɗai, abin da ba su taɓa yi wa mai saƙa ba. Sannan akwai Friedl Dicker-Brandeis, ita ma ɗalibar Bauhaus, ba ta tsira ba, tana tsare a sansanin Theresienstadt tana koya wa yara zane, aka kai ta Auschwitz aka kashe a 1944. Wallahi duk lokacin da aka fara lissafin ribar da Amurka ta ci ita nake tunawa.

Malamin Tarihi: Gaskiyarki Anti. Ƙofar ma ba kowa aka buɗe wa ba. Varian Fry, wani ɗan jaridar Amurka, ya fitar da masu zane su Marc Chagall da Max Ernst ta Marseille saboda sunansu na cikin jerin manya, amma jirgin ruwan St. Louis da ya ɗauko 'yan gudun hijira sama da 900 daga Jamus a 1939 an hana shi sauke su a Amurka, ya juya Turai.

Ɗan Samaru: Kuma me ya sa kullum Amurka Amurka? Bruno Taut, akitek ɗan Jamus, Turkiyya ya je a 1936, ya zana tsangayar harsuna da tarihi a Ankara, a Istanbul ya rasu a 1938. Félix Candela ya gudu daga Sifaniya bayan Franco ya ci yaƙi a 1939, ya je Meziko yana zuba rufin kankare siriri kamar ɓawon ƙwai. Har mu abin ya taɓa, Jami'ar Ife ai Arieh Sharon ne ya tsara ta, ɗan Bauhaus ne.

Akitek: Yawwa, ka ƙara min hujja kenan.

Malamin Tarihi: A'a ku tsaya, Sharon ya bar Jamus ya koma Falasɗinu kafin Hitler ya hau mulki, ba gudu ya yi ba, kar a cusa shi a lissafin da ba nasa ba. In alaƙa da Najeriya kuke nema ga Maxwell Fry, akitek ɗan Birtaniya, shi ya yi haɗin gwiwa da Gropius a Landan lokacin da Gropius ɗin ya fito daga Jamus a 1934, daga baya shi da matarsa Jane Drew suka zana Jami'ar Ibadan. Ga kuma Ulli Beier da iyayensa suka bar Jamus saboda 'yan Nazi, ya zo Najeriya a 1950, yana cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin marubuta da masu zane na Mbari a Ibadan a 1961.

Anti Mai Saƙa: Shi ma Beier kar a ce shi ya haifi masu zanen Oshogbo, hannunsu da al'adarsu suka zo da su, wuri da kayan aiki ya taimaka musu da shi.

Akitek: Na ji, amma maganar Shikago ban janye ba, ku je ku duba benayen Lake Shore Drive da Mies ya zana, na 1951, ku duba abin da ake ginawa kafin su da bayansu, sai mu dawo mu ci gaba.