Wallahi a bakin mudu: wasa nake da sunan Allah ko kuwa?

MaiHatsi:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Dan Allah akwai abin da ya kwana biyu yana cina a rai, yau dai na ce bari in amayar da shi in huta. Ni hatsi nake sayarwa, masara da wake da waken suya, ina sarowa a Saminaka in kawo Kaduna in auna mudu mudu, da shi nake ciyar da yarana uku tunda babansu ya rasu. Ran Lahadi malaminmu na Sande Sukul ya koyar a kan Dokoki Goma, da ya zo Fitowa 20:7 inda aka hana ɗaukar sunan Ubangiji a banza sai ya tsaya ya ce kowa ya je ya ƙirga sau nawa yake kiran sunan Allah a yini, kuma a kan me. Muka yi ta dariya. To ran Litinin na ce bari in gwada, na ajiye ƙwayar wake ɗaya a aljihun buje duk lokacin da wallahi ta fita bakina, 'yan'uwa kafin ƙarfe biyu na rana ƙwaya 23 na ƙirga, daga nan na daina don kunya.

Abin da ya fi damuna ba yawan ba ne, wasu daga ciki gaskiya ba gaskiya ba ne. Mai saye ya taya ƙasa sai in ce wallahi ko uwar kuɗi ba ta fita ba, alhali na san akwai 'yar ribata a ciki. Wata ta tambaye ni sabon wake ne, na ce wallahi sabo ne, kuma na haɗa da ragowar na bara a ƙasan kwano. Ba wai niyyar cuta nake ba, haka kowa yake yi a layinmu, idan ba ka rantse ba gani suke kamar akwai abin da kake ɓoyewa sai su wuce gaba.

Tambayata, ita kanta wallahi ɗin zunubi ce ko da a kan gaskiya na faɗe ta? Kuma in na daina yaya zan yi da ciniki, yara makaranta suke jira.

DattijonWusasa:

'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya raya marayun nan. Kin yi abin da manya da yawa ba su iya yi ba, kin ƙirga kanki da kanki.

Ki buɗe Matiyu 5:33-37. Ubangiji Yesu ya ce kada a rantse sam, ko da sama ko da ƙasa ko da Urushalima ko da kanki, i ɗinki ya zama i, a'a ya zama a'a, abin da ya wuce haka daga Mugun yake. Yakubu 5:12 ma ya maimaita. Dalilin da ya sa Yesu ya faɗi haka yana Matiyu 23 daga aya 16, mutanen lokacin sun raba rantsuwa kashi kashi, wai in ka rantse da Haikali ba komai amma in ka rantse da zinariyar Haikali ta kama ka. Wato sun buɗe wa ƙarya ƙofar baya. Mu ma haka muke yi, akwai wallahin kasuwa da ba ta da nauyi, akwai wadda ake yi da Littafi Mai Tsarki a hannu, ita ce kaɗai muke tsoro. Allah ɗaya ne a wuraren biyu.

Amma ni abin da nake so ki duba ya fi baki, shi ne mudun. Na girma ina jin ana cewa ɗan mishan ba ya ƙarya, mahaifina maƙwabtansa Musulmi suna kawo masa ajiyar kuɗi in za su yi tafiya, ba takarda ba shaida, kuma ban taɓa jin tsohon nan ya rantse ba har ya koma ga Ubangiji. Bai buƙaci rantsuwa ba ne. Yau fa? Muna rubuta ayoyi a jikin shago da bayan Keke Napep, mudu kuma an bubbuge masa gindi ya shige ciki. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, wato na saye daban na sayarwa daban, ki gaya mini ko ba abin da ake yi a kasuwar hatsi ke nan ba. Annabi Amos a sura 8 ya yi faɗa da 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabaci ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu su ƙara kuɗi har su sayar da ƙaiƙayi. Mutanen ibada ne fa, suna kiyaye ranar hutu. Bulus ya ce wa irinsu a Romawa 2:24 saboda ku ake saɓon sunan Allah a cikin al'ummai. Matar da kika sayar wa waken bara ta san ke Kirista ce, ta ga kina rufe rumfa ran Lahadi. In ta je gida ta zuba wake ya ƙi nuna, ba sunanki kaɗai za ta kira ba.

ƊalibinTauhidi:

Baba na gaishe ka, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa amma ina da ɗan gyara a kan "kada a rantse sam", kar 'yar'uwarmu ta tafi da nauyin da ya fi wanda aka ɗora mata. Manzo Bulus da kansa ya kira Allah shaida a Romawa 1:9 da 2 Korantiyawa 1:23. Ibraniyawa 6:16 ta ce rantsuwa ce take kashe gardama tsakanin mutane, har aya 13 ta ce Allah ya rantse da kansa ga Ibrahim. Da babban firist ya gama Yesu da Allah mai rai a Matiyu 26:63 ya amsa masa. Shi ya sa yawancin ikilisiyoyi ba su hana mutum rantsuwa a kotu ba ko ranar kama aikin gwamnati, duk da akwai waɗanda suka ƙi ta gaba ɗaya kamar 'yan Menonayit a Turai da Amurka, kuma a kotunan Nijeriya ma wanda bai so ya dafa littafi ba ana barinsa ya yi alkawarin faɗin gaskiya kawai. To a fahimtata akwai wurin da rantsuwa take da gurbi, amma gurbin nan ba kan mudun wake ba ne, anan ni da Baba mun haɗu.

Sai abu na biyu da nake yawan ji a bakin matasanmu, wai wallahi Larabci ce ta Musulmi ce saboda haka ba ta kama Kirista. Wannan yaudarar kai ce kawai. Ma'anarta na rantse da Allah, kuma Allah shi ne sunan da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa tun fassarar 1932, da shi muke addu'a da shi muke waƙa. Ba zai yiwu da safe ki ce a tsarkake sunanka cikin Addu'ar Ubangiji, da rana ki ce ai wannan sunan na wasu ne ba. Haka masu canja ta zuwa "na rantse" ko "tsakani da Allah" ko su lashi yatsa su nuna sama, duk kanwar ja ce. Af, ga 'yan'uwa Katolika da ke nan, a lissafinku doka ta biyu ce mu muke ce mata ta uku, kar a rikice, aya ɗaya ce.

TelanTudunWada:

Hahaha Anti kin taɓo mu. Ni ba wallahi ce matsalata ba, tawa "da yardar Allah" ce. Duk Disamba sai in karɓi ɗinki fiye da ƙarfin kekena, ga ankon Zumuntar Mata ga na 'yan kwaya ga kayan yara, mutum ya ce yaushe zan zo, in ce ran Alhamis da yardar Allah, kuma a cikin raina na san ko yankawa ban yi ba, ko wuta ta tsaya dare da rana ba zan gama ba. Ran Alhamis ya zo in ce masa Allah bai nufa ba. Wata shekara wata mama ta kawo ɗinkin 'yarta na baftisma, na yi mata wannan wasan sau uku, a na ukun ba ta yi faɗa ba ta dube ni kawai ta ce ɗana, kai ne ba ka ɗinka ba ko Allah ne ya riƙe maka almakashi? Yaran shago suka fashe da dariya ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Yakubu 4:15 ya ce mu riƙa cewa in Ubangiji ya yarda, gaskiya ne, amma ga wanda yake da niyyar yi ne, ni na mai da ita wurin ɓuya. Yanzu ina da littafi, in ya cika sai in ce a kai wani wuri. Na rasa kwastomomi ba zan ɓoye ba, kuma har yanzu nakan zame wani lokaci, bara ma na zame.

MamanZumunta:

Ƙanwata bari in yi miki maganar kasuwa tunda malamai sun gama da ayoyi, shekarata 26 ina auna hatsi. Hausawa sun riga sun ba mu kalmar da za ta fishe ki, albarka. Mutum ya taya ƙasa ki ce albarka, ya ƙara ki ce albarka, shi ke nan, ba ƙarya ba rantsuwa kuma ba wanda zai ji haushi don kowa ya san ma'anarta. Ba dole ba ne ki faɗa wa kowa nawa kika saro, in ya matsa ki ce Alhaji wannan sirrin kasuwa ne ka dai sayi na Allah da Annabi, a'a kar ma ki ce haka kin ga ni ma bakin ya saba, ki ce ka dai saya ko ka bari. Riba ba zunubi ba ce, kin biya mota kin biya 'yan dako kin biya kuɗin rumfa, me zai sa ki yi ta rantsuwa cewa ba ki ci komai ba kamar kin yi sata.

Waken bara kuma ki raba shi kwano daban ki rage kuɗi ki faɗa, masu ƙosai da alale suna nemansa ma tunda niƙawa za su yi. Inda nake roƙonki da babbar murya shi ne maganin ƙwari. Mutane da yawa suna zuba wa wake maganin feshi don kar ya yi ƙwari sannan su rantse ba magani, wannan ya wuce wasa da suna, rai ne, yara ne za su ci. Ki nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, in kin ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga ƙwarin su mutu da kansu, ya fi buhun gargajiya tsada amma kina iya amfani da shi fiye da shekara ɗaya in bai huje ba. Ni na kan miƙa wa mai saye mudun in ce auna da hannunka, in ƙara masa gyara, wasu har da nasu mudun suke zuwa daga gida ban hana ba. Watannin farko za ki ji a jikinki ba zan yi miki daɗin baki ba, akwai ranar da na koma gida da rabin kaya ina kuka ina cewa Yesu ina amfanin wannan. Kuma ba zan ce miki yanzu na yi kuɗi ba, maƙwabciyata mai rantsuwa ta riga ni gina gida. Abin da na samu masu abincin sayarwa guda huɗu da suke aiko yaro da kuɗi ba sa ma zuwa dubawa.

Maƙwabcinku:

Ku yi haƙuri na shigo, ni Musulmi ne abokina ya turo mini. Baiwar Allah kar ki ɗauka a wurinmu wallahin kasuwa halal ce, akwai hadisi ingantacce da ya ce rantsuwa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani da ta fara da kashedi ga masu tauye mudu. Wanda ya yi rantsuwa a kan zai yi abu ya karya, kaffara ce a kansa, ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in ba hali azumin kwana 3. Mu ma malamanmu kullum faɗa suke, ba ma ji ne kawai. In kin daina ba wanda ya san addininsa da zai ga laifinki.

MaiHatsi:

Na gode ƙwarai Baba, Mama, Malam da kowa, tela kai kam ka sa na yi dariya har yarana suna tambaya. Yau kwana huɗu ke nan ina gwada albarka ɗin, jiya ƙwaya 6 kawai na samu a aljihu, biyu daga ciki ma a kan ɗan dako ne da ya yar mini da buhu a kwata. Na raba waken kamar yadda Mama ta ce, wata mai ƙosai ta kwashe mudu 5. Amma mutum biyu sun wuce gaba da na ƙi rantsuwa, ɗaya har yana cewa tunda ba za ki rantse ba akwai magana.

Baba, maganar mudu ce ta hana ni barci. Nawa na gada ne wurin wadda na karɓi rumfar a hannunta, daren jiya na gwada shi da na maƙwabciyata a gida na ga ya gaza da kusan cikin hannu ɗaya, shekara huɗu ina aunawa da shi ban taɓa dubawa ba, ko in ce ban so in duba ba. Sabo zan saya ran Asabar. Waɗanda na riga na auna wa fa, yawancinsu ban ma san inda suke ba, yaya zan yi da nasu?