Ina Guangzhou, na kasa haɗa katin bankina da Alipay

Salamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya taɓa zuwa Sin ya taimaka mini.

Kwanana shida ke nan a Guangzhou. Mun zo baje kolin Canton ne da abokan aikina Sinawa uku, kullum da safe muna Pazhou inda ake baje kolin, da yamma mu wuce Foshan duba tayil a masana'antu. Aiki na tafiya lafiya. Matsalar ita ce biyan kuɗi. A nan komai da waya ake biya, daga tasi har mai shayi. Na sauke Alipay, manhajar biyan kuɗi ta waya, na sa hoton fasfo ya karɓa, amma da na shigar da katin dala na Visa sai bankina ya tura lambar sirri zuwa layina na Najeriya, shi kuma layin ba ya karɓar saƙo a nan. Na gwada ya fi sau goma.

Tun da muka sauka abokan aikin nawa ke biya mini komai, har abincin halal da suka raka ni ci a unguwar Xiaobei da motar zuwa masallacin Huaisheng ranar Juma'a. Na miƙa musu kuɗi sun ƙi karɓa. Wallahi kunya ta ishe ni.

Jibi za mu hau jirgin ƙasa zuwa Beijing ganin Babbar Ganuwa, kuma ina so a ce wannan karon ni na ɗauki nauyi. Akwai yadda banki zai turo lambar ta imel? Ko in canza dalolin hannuna zuwa yuan in riƙa biya da tsabar kuɗi?