Ɗarin jabu na Ingila: nawa za a taya?

Sani Samaru: Salamu alaikum jama'a. An yi mini tallar ɗarin Ingila, wato tsabar rabin kwabo, guda uku, na jan ƙarfe, masu kan Sarki Joji na Uku. Mai su ya ce jabun wancan zamanin ne, ba su sha hannu ba. Nawa zan taya?

Malam Ado: Wa alaikumus salam. Sikeli tukuna. Na gwamnati yana haura giram 9, jabun yawanci 6 zuwa 8. Samfurin farko na ɗarin wannan sarkin daga 1770 zuwa 1775 kawai gwamnati ta buga shi. In ka ga 1776 ko 1787, jabu ne, ba sai ka tambayi kowa ba.

Baba Tudun Wada: Ga inda sabon shiga yake rufta wa. Maƙeran jabu na birnin Bamingam a Ingila da gangan suke sassaƙa hatimin buga kuɗin sama-sama, ba gashin kai sosai, haruffa dishi-dishi, don kuɗin ya fito tamkar ya daɗe a kasuwa, mai kanti ya karɓa ba gardama. Saboda haka fitowar zane ba ita ce ma'auni ba. Filin da ba rubutu za ka duba, da gilashi mai ƙara girma sau 10, haske ta gefe, kana juya shi a hankali. In filin sumul yake, launin ƙasa-ƙasa, da ɗan sauran ja a lungun haruffa, bai yi yawo ba. In akwai ramuka kamar zanen zanzana, ga shaidar magagari a bakinsa, zubi ne, ba bugu ba. Zubin ma akwai tsoho, amma cikinsa sabon aiki yake ɓuya, jabun jabu ke nan. Wanda kuwa ya yi jawur ko'ina yana ƙyalli, an wanke shi da tsami, darajar ta tafi.

Ɗan Jushi: Jabun jabu! Allah ya kyauta, Baba.

Malam Ado: Kalmar jabu ma daga Ijabu ta ƙasar Yarbawa muka samo ta.

Ɗan Jushi: Malam, kullum sai an kawo wannan? Mu ma namu sulen ya sha kwaikwayo, shi ya sa a 1938 aka yi masa tsagi a baki.

Anti Rabi: In ka saya, ban da lemon tsami, tsamiya ko toka. Maiƙo ne? Sinadarin asiton zalla, ba na goge farce ba, ka bari ya bushe da kansa, kada ka cuɗa. Kuma kada ka sa a leda mai laushi, tana fitar da kore mai danƙo. Ambulan takarda, kowanne daban, cikin gwangwani da ƙullin silika mai tsotse laima. Raɓar Agusta a Zariya ba ta raga wa jan ƙarfe.

Baba Tudun Wada: Gaskiya ne Anti. Koren da ke ɓarɓashi kamar gari a ware shi, ci yake yi.

Sani Samaru: Na gode. To tayin fa?

Ɗan Jushi: Wa ke da kwabo mai huji na 1936? Ina da anini biyu na musaya.