Shawarwari kan kafa mutum-mutumin sarauta a Birnin Benin

Maƙeran tagulla da magina sun haɗu a kan abu guda: kafin a taɓa kakin zuman da ake fara fitar da siffar da shi, a je fadar Oba, sarkin Benin. Murjanin wuyan Oba da takubban ada da eben suna da ƙa'ida, kuma kuskure a nan ba ya gyaruwa bayan an zuba narkakkiyar tagulla.

Babban aiki a zuba shi gunduwa-gunduwa, a haɗe da walda. Ƙusoshin da za su riƙe shi a kan dandamali su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Baƙin ƙarfe in ya haɗu da tagulla a damshin Benin, cinyewa yake yi, har jan ruwa ya zubo wa dandamalin. A huda ƙananan ramuka a tafin ƙafa don ruwan ciki ya tsiyaye.

Na siminti kuwa, a rufe rodi da aƙalla santimita 5, in ba haka ba ya yi tsatsa, ya kumbura ya tsaga fuskar.

Fenti a kan na tagulla? Sam. A wanke da ruwa da burushi mai laushi, a shafa kaki sau biyu a shekara. Wanda aka kafa a kasuwa, kamar na Emotan, shahararriyar 'yar kasuwa a tarihin Benin, yana bukatar shinge.