Ciwon mafitsara ya ƙi jin cipro da ceftriaxone, me ya rage?

Jami'ar Lafiya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wata dattijuwa mai shekara 62 da ke zuwa ƙaramin asibitinmu. Tana da ciwon suga. Wata uku ke nan tana fama da zafin fitsari da yawan zagawa da ciwon mara. Ta sha ciprofloxacin sau biyu daga kemis, ta sha Augmentin, an kuma yi mata allurar ceftriaxone ta kwana uku, duk a matsayin maganin sanyi. Sai ya lafa mako guda ya dawo. Awon fitsari ya nuna ƙwayar cuta mai suna E. coli, an sa R (wato ƙwayar cutar ba ta jin maganin) a gaban ciprofloxacin, Septrin, Augmentin, cefuroxime da ceftriaxone, an sa S (wato tana jin maganin) a gaban nitrofurantoin, amikacin da meropenem. Babu zazzaɓi, ba ta amai. 'Ya'yanta sun ce a yi meropenem kawai a huta, ko nawa ne za su biya. Shin hakan daidai ne?

Ɗan Lab:
Wa alaikumus salam Sista. Kafin a kai ga magani, a duba yadda aka ɗauki fitsarin, don takardar sakamako ba ta fi abin da aka zuba a kwalba inganci ba. Ana so ta wanke gabanta da ruwa zalla, ba Dettol ba, ta buɗe fatar da yatsu, ta zubar da farkon fitsarin, ta tari na tsakiya a kwalbar da lab ta bayar. Kwalbar magani da aka ɗauraye a gida ba ta yi ba. Ya isa lab cikin awa biyu. In ba zai isa ba, a sa a firji, ba wajen ƙanƙara ba, kada kuma ya wuce awa 24. Fitsarin da ya wuni a aljihu cikin zafin nan namu, ƙwayoyin da suka faɗa ciki daga fata za su hayayyafa har su kai adadin da za a ɗauka cuta ce.

A takardar ki nemi abu uku. Akwai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake rubutawa a matsayin ƙwayoyin mugunya? Ƙwayar cuta iri ɗaya ce ta tsiro ko gauraye? Nawa ne adadinta? Abin da aka saba ɗauka shi ne 100,000 a kowace mililita, amma ga macen da ke da alamomi ƙarara, ƙasa da haka ma yana ƙirguwa. Iri uku a gauraye alamar gurɓata ce, sai a sake. Aikin kuma yana cin awa 48 zuwa 72, kwana guda ƙwayar ta tsiro, wani kwanan a gwada ta da magunguna. Wanda ya ba da sakamakon shuka fitsari a ranar da aka kai masa, a yi hattara da shi.

Jerin R ɗin da kika kawo ya yi kama da E. coli mai ESBL, wato mai fitar da sinadarin da ke farfasa ceftriaxone da danginsa tun kafin su yi aiki. Irin wannan ƙwayar sau da yawa tana ɗauke da kariyar cipro da Septrin a tare, shi ya sa komai ya faɗi lokaci guda.

Likita:
Sista, a yadda kika siffanta ta, ban ga dalilin meropenem ba. Tambayar farko ita ce ina cutar take, a mafitsara ta tsaya ko ta hau ƙoda? Zafin fitsari da ciwon mara ba zazzaɓi, wannan mafitsara ce. Zazzaɓi 38 ko sama, rawar sanyi, ciwon kwiɓi da ke ƙaruwa in an ɗan buga bayan haƙarƙari, amai, wannan ƙoda ce. Ki auna zafin jikinta da ma'auni, kada ki dogara da tafin hannu, ki duba bugun jini da hawan jini, don tsoho mai suga yakan ɗauki cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, sai dai ruɗewa ko yawan barci.

In mafitsara ce, nitrofurantoin ne maganinta tunda an sa masa S. Ƙwayar maganin da aka fi samu a wajenmu ana shan miligiram 50 zuwa 100 sau huɗu a rana, nau'in da ke narkewa a hankali kuma miligiram 100 sau biyu. Ga mai suga da ciwon ya daɗe, a yi kwana 7. Amma a auna aikin ƙodarta tukuna. Maganin nan ƙoda ce ke tace shi ta tara shi a fitsari, in eGFR, wato ma'aunin aikin ƙoda, ya yi ƙasa da 45 sai a yi taka-tsantsan, ƙasa da 30 kuwa a bar shi, don ba zai taru a mafitsara ba, zai taru a jini ya taɓa jijiyoyi. Kuma sam ba ya maganin cutar ƙoda, ko da takarda ta ce S, saboda ba ya zama a naman ƙodar. Wannan kuskure ne da ake yawan yi. Fosfomycin giram 3 a ruwa sau ɗaya shi ma yana yi wa E. coli mai ESBL aiki a mafitsara in ana samunsa, sai dai bai da ƙarfi a kan wata ƙwayar cuta mai suna Klebsiella.

In ta hau ƙoda, to a tura ta babban asibiti a ranar. Can ne za a zaɓa tsakanin amikacin miligiram 15 a kowane kilo sau ɗaya a rana, wato 900 ga mai kilo 60, da meropenem giram 1 kowace awa 8 ko ertapenem giram 1 a rana, yawanci kwana 7 in ta samu sauƙi da wuri. Amikacin na iya kashe ji ya kuma lalata ƙoda, ba allurar da za a yi a ɗaki ba tare da awon jini ba ce.

Ki faɗa wa 'ya'yanta cewa meropenem na cikin na ƙarshe da muke da su. In aka ƙona shi a kan ciwon da maganin sha zai warkar, ranar da cutar ta shiga jini ana iya tarar da ƙwayar cutar da ta daina jin sa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun mafi haɗari tun jerin da ta fitar a 2017.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin dawowar. A auna HbA1c, wato awon da ke nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, don suga a fitsari abinci ne ga ƙwayar. A yi hoton ciki a duba tsakuwa da kumburin ƙoda, a auna fitsarin da ke saura a mafitsara bayan ta gama, don suga na kashe jijiyoyin mafitsara ta kasa juyewa duka. Matar da ta daina al'ada kuma, man estrogen (sinadarin jikin mata) na shafawa a farji yana rage dawowar ciwon sosai in babu abin da ya hana ta amfani da shi.

Mai Haɗa Magani:
Ƙari a kan na Likita. Nitrofurantoin a sha shi da abinci, yana shiga jiki da kyau kuma tashin zuciya ya ragu. Zai mai da fitsari ruwan ƙasa-ƙasa, a gaya mata tun farko kada ta tsorata ta daina. A tambaya ko wani magani ya taɓa sa mata ciwon shawara ko fitsari kamar ruwan shayi, saboda ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yawaita a Afirka ta Yamma, maganin kuma yana fasa jinin mai shi. Ba a ba mai cikin da ya kusa haihuwa. In tana shan maganin olsa mai magnesium trisilicate, a dakatar, yana hana shi shiga jiki. A sayo cikakken na kwana 7 a tashi ɗaya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC, ba a sayi kati ɗaya ba a ce in ya ƙare a gani.

Jami'ar Lafiya:
Allah ya saka da alheri. In ta gama, mu sake awon fitsari don tabbatarwa?

Likita:
In alamomin sun tafi, ba sai an sake ba. Tsofaffin mata da yawa, musamman masu suga, suna da ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da ciwo ba, kuma ba a yi wa wannan magani sai ga mai ciki ko wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari. Bin takarda da magani shi ke haifar da jerin R irin na hannunki. Amma in awa 48 zuwa 72 ta wuce ba sauƙi, ko ciwon ya dawo cikin mako biyu, a ɗauki sabon fitsari kafin ta haɗiyi ko ƙwaya ɗaya. In an ga mugunya amma ba abin da ya tsiro, a nemi tarin fuka na hanyar fitsari, da tsargiya in tana shiga rafi ko fadama, a tari fitsarin tsargiyar tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana.