Hutun Disamba a Malesiya: ina za mu nufa?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san Malesiya. Maigida ya samu hutu a tsakiyar Disamba, kwana tara muke da su. Mu biyar ne: ni da shi, yara biyu, sai Hajiyarsa da gwiwa ke damu, ba ta iya doguwar tafiya a ƙasa. Ni dai tun da na ga hotunan tsibirin Perhentian hankalina ya tafi can, ruwa garai-garai har ana hango kifi. Shi kuma ya kafe sai Borneo, wai yara su ga birin nan orangutan. Mun kasa tsayar da magana, ga lokaci yana ƙurewa.

Baban Yusra: Wa alaikumus salam. Maman Ikram, in dai Disamba ne, ki cire Perhentian daga lissafi. Ba ita kaɗai ba, har Redang da Tioman, duk tsibiran gabas ke nan. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu damina ce a can. Iska ke bugowa daga Tekun Kudancin Sin, ruwa kamar da bakin ƙwarya, teku ta yi ta hauka. Yawancin otal-otal rufewa suke, jiragen ruwan da ke tashi daga Kuala Besut ma ba a samunsu yadda aka saba. Hotunan da suka ɗauke miki hankali ba a wannan lokacin aka ɗauke su ba.

Ni ganau ne. Na taɓa biyan kuɗin ɗaki a wani otal ana dab da shiga Nuwamba, ba wanda ya ce mini uffan. Kwana biyu na yi a gaɓa ina jiran jirgi, na haƙura na juyo. Rabin kuɗin ma da ƙyar suka dawo mini da shi. Ku nufi yamma. Tsaunukan Titiwangsa da suka ratsa tsakiyar ƙasar su ke tare yawancin ruwan, shi ya sa Langkawi da Penang suke samun sarari a lokacin.

Anti Ladidi: Ƙanwata, saboda Hajiya, Langkawi zan ce. Kusan awa ɗaya ce a jirgi daga Kuala Lumpur, kuma ko'ina mota za ta kai ku har bakin ƙofa. Akwai keken igiya, wato ɗan ɗakin fasinja mai tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe, da ke hawa dutsen Mat Cincang, tsayin kusan mita 700, a zaune za ta je ta dawo. A Kilim kuma kwale-kwale za ku shiga cikin kurmin bakin teku, yara su kalli shahuna suna saukowa kan ruwa. Abincin halal da masallaci ba abin nema ba ne, Musulmi ne mafi yawa a can. Abu ɗaya kawai: tun 1987 aka cire wa tsibirin harajin kaya, don haka giya na da araha, kuma unguwar bakin teku ta Pantai Cenang da daddare akwai hayaniya. Ku kama masauki ta wajen Tanjung Rhu, ya fi natsuwa. Ku kama da wuri, ƙarshen shekara cika ake yi.

Malam Habu: Ni fa ban ga abin da za a yi kwana tara ana kallo a bakin ruwa ba. Ku ba Penang kwana biyu ko uku. George Town, babban birnin Penang, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2008, ga masallacin Kapitan Keling, ga jirgin ƙasan da ke hawa dutsen Penang. Amma gaskiya ruwan tekunta bai kai na Langkawi kyau ba.

Anti Ladidi: Malam, George Town ai yawon ƙafa ce cikin rana. Ka manta da gwiwar Hajiya?

Malam Habu: Haka ne Anti, sai dai a sa ta a keke mai ƙafa uku, akwai su a garin.

Baban Yusra: Maganar Borneo kuwa, ki lallaɓa maigida. Cibiyar kula da birran orangutan ta Sepilok, wadda aka buɗe a 1964, tana kusa da Sandakan a jihar Sabah, kusan awa uku a jirgi daga Kuala Lumpur, kuma can ma Disamba ruwa ake. Birran ba a keji suke ba, a kurmi suke sake. Sau biyu a rana ake ajiye musu abinci, in sun ƙoshi da 'ya'yan itace a daji ba lallai su fito ba. Zuwa da dawowa kaɗai zai cinye muku kwana biyu.

Umman Sadik: Ko ina kuka zaɓa, ku tafi da man korar sauro. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai ba zai wadatar ba.

Maman Ikram: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida, ya yi shiru, can ya ce to Borneo sai wani jiƙon. Mun tsaya a kwana biyu Kuala Lumpur, biyar Langkawi, biyu Penang. Anti Ladidi, keken igiyar nan, yarinya 'yar shekara huɗu za ta iya shiga kuwa?